Ƙalbu da Abokin Burminsa: Tagwaitakar Manyan Taurari Masu Tsufa da Matsalar Ba Su Suna a Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi wani reshe na ilimin falaki na zamani, wato binciken abokan zaman manyan taurari waɗanda suka tsufa, ta fuskar mai nazarin Hausa. Ta ɗauki sararin samaniyar Minjibir a matsayin ma'auni, ta nuna cewa biyu daga cikin taurarin da manomi yake lissafin kaka da su, Simak da Ƙalbu, kowanne ba shi kaɗai yake ba. Daga nan ta bi sawun binciken zuwa garkunan taurari da ke maƙwabtaka da namu, sannan ta auna kalmomin da Hausa za ta iya ɗaukar wannan ilimi da su ba tare da ta ɓatar da mai karatu ba.

1.0 Gabatarwa

Nazarin taurari a fagen Hausa ya fi karkata ga adabi da al'ada. Tun maƙalar da Mervyn Hiskett ya buga a 1967 a kan lissafin taurari na Larabawa a cikin rubutattun waƙoƙin Hausa, akasarin abin da ake yi shi ne jero sunaye da lokutansu, da abin da manomi ko malami yake yi da su. Wannan aiki ne mai amfani, amma ya bar giɓi. Muna sanin ranar da tauraro yake kamawa da ranar da yake fita, ba mu cika tambayar mene ne shi kansa tauraron ba. Ɗalibin da ya tashi da jin ana cewa Ƙalbu ya kama, idan ya shiga ajin kimiyya sai a ba shi sunan Antares, ba tare da kowa ya gaya masa cewa abu guda ake nufi ba.

Ƙasar Hausa kuwa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hatimai na lissafi da kuma taurari. Sai dai a wancan zamani falaki da duba suna cuɗe da juna, abin da ya sa malamai da yawa suka yi nesa da fannin baki ɗaya. Abin da za a tattauna a nan awo ne da lissafi kawai, babu ruwansa da sa'a ko rashinta.

2.0 Sararin Minjibir da lissafin manazili

Minjibir tana arewa maso gabas da birnin Kano, cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da Michael Mortimore ya yi fice da nazarinsa tun shekarun 1960. Ƙasa ce da ba a barin gona ta huta, ana noma ta kowace shekara da taimakon taki, kuma damina gajeriya ce. A irin wannan wuri kuskuren mako biyu wajen shuka yana iya zama bambanci tsakanin rumbu cike da rumbu rabi. Shi ya sa lissafin manazili ya samu gindin zama: taurari 28, kowanne kwana 13, in ban da Jabha da ake ba 14, jimla kwana 365. A rabon da ya fi yaɗuwa, damina tana da bakwai, daga Haƙa'a zuwa Harsan, kaka ma bakwai, daga Sarfa zuwa Ƙalbu, Simak yana na uku a cikinsu.

Akwai abin lura a nan. Kwanakin da aka laƙaba wa tauraro su ne kusan lokacin da rana take daura da shi, don haka a lokacin ba a ganinsa. Rana tana giftawa kusa da Ƙalbu a farkon Disamba, sai bayan makonni ya ɓullo a gabas da asuba, cikin sanyin hunturu. Mai son ya ƙare masa kallo sai ya bari sai Yuni ko Yuli, bayan sallar isha'i, idan hadari ya yaye. A Minjibir, wadda take kan digiri 12 da ɗoriya arewa da tsakiyar duniya, Ƙalbu yana hawa har kimanin digiri 51 a kudu, ja wur a tsakiyar Kunama. Mutumin Landan ba ya samun ko rubu'in wannan tsayi sai da ƙyar. Wato ta fuskar matsayi, manomin Kunya ko Wasai ya fi yawancin masanan Turai samun wannan tauraro a sarari.

3.0 Yadda tauraro yake tsufa

Tauraro tarin iska ce mai zafi, mafi yawanta haidurojin, wadda nauyinta yake matse cikinta har haidurojin ya riƙa narkewa yana zama hiliyam, zafi da haske suna fita. Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce, gwargwadon nauyin tauraro gwargwadon saurin cinye makamashinsa. Rana za ta yi kimanin shekara biliyan 10 tana wannan aiki. Tauraron da ya ninka ta nauyi sau 15 ko 20 kuwa, shekara miliyan 10 da 'yan kai ne rabonsa.

Idan haidurojin ya ƙare a tsakiya, sai cikin ya tsuke, bayan ya kumbura ya huce, launinsa ya koma ja. Wannan shi ne abin da za mu kira jan basamude. Ƙalbu yana wannan mataki. Nauyinsa ya kai kimanin ninki 12 na rana, amma faɗinsa ya ninka nata sau ɗaruruwa, ta yadda da za a ajiye shi a gurbinta, da ya haɗiye duniyarmu ya wuce falakin Mirrihu. Ƙarshen irinsa fashewa ce mai tsanani da ake kira sufanoba, wadda takan bar dunƙulallen saura, ko tauraron niyutiron ko baƙin rami.

To idan taurari biyu suka samu tare daga gajimaren iska guda, ɗaya ya fi ɗaya nauyi, ba za su tsufa tare ba. Manomin Minjibir ya san irin wannan a gonarsa. Gero da wake suna kunya ɗaya, ruwa ɗaya suke sha, amma ana girbe gero wake yana shar. Haka mai nauyin yake zama ja ya kusa ajali, abokinsa yana nan shuɗi da ƙuruciyarsa. Wannan saɓanin launi shi ne babbar ƙofar da masana suke bi su gano abokin.

4.0 Simak da Ƙalbu: farkon zama da ƙarshensa

Simak, wanda Turawa suke kira Spica, yana nisan tafiyar haske ta kimanin shekara 250. Ido yana ganinsa ɗaya, amma taurari biyu ne shuɗɗa masu nauyi, suna kewaya juna cikin kwana 4 kacal. Kusancinsu ya kai har janyowar da suke yi wa juna ta karkata surarsu, sun zama kamar ƙwai maimakon ƙwallo. Babban cikinsu ba shi da filin da zai kumbura ya zama jan basamude cikin salama. Tun kafin ya kai rabin hanya, jikinsa zai fara kwarara kan abokinsa.

Ƙalbu kishiyar wannan ne. Yana nisan shekarar haske kimanin 550, abokinsa kuma shuɗi ne mai nauyin rana kusan 7, zafin fuskarsa kimanin digiri 18,000, alhali na Ƙalbu bai wuce 3,500 da kaɗan ba. Tazarar da ke tsakaninsu ta haura ninki 500 na tazarar duniya da rana, shi ya sa babban ya samu sararin kumbura ba tare da ya taɓa ƙaramin ba. Yadda aka gano abokin yana da alaƙa kai tsaye da ma'anar kalmar manzili. Ƙalbu masauki ne na wata, wata yakan bi ta gabansa ya rufe shi. Ran 13 ga Afrilu, 1819, Johann Tobias Bürg yana kallon irin wannan rufewa a Biyana, sai ya ga wani ɗan tauraro dishi-dishi ya fito daga bayan wata, bayan 'yan daƙiƙoƙi kuma babban ya biyo. Gefen wata ne ya tsare hasken babban na ɗan lokaci har ƙaramin ya bayyana. Wasu a lokacin sun ɗauka ruɗin ido ne, sai daga baya na'urorin hangen nesa suka gaskata shi.

Na uku da ya kamata a ambata shi ne jan tauraron da ke kafaɗar Jauza, wanda Larabawa suka kira Yadul Jauza, masu kwafe littattafai a Turai suka gurɓata sunan ya zama Betelgeuse. Ba ya cikin manazili, amma yana daf da Haƙa'a, kuma kowa ya san shi a daren hunturu. An daɗe da lura cewa haskensa yana hawa da sauka a wani zagaye mai tsawon kwana kimanin 2,100. A 2024 ƙungiyoyin masana biyu suka kawo hujjar cewa ɓoyayyen aboki ne yake haddasa wannan. A Yulin 2025 Steve Howell da abokan aikinsa suka ba da sanarwar cewa sun hango shi da na'urar Gemini ta Arewa da ke Hawai, ƙaramin tauraro da bai fi rana nauyi da yawa ba. Suka raɗa masa suna na Larabci, Siwarha, wato abin hannunta, tunda babban hannun Jauza ne. Hoton yana da rauni, kuma ana jiran Nuwamban 2027, lokacin da lissafi ya nuna zai sake yin nesa da babban, domin a tabbatar.

5.0 Dalilin leƙa garkunan maƙwabta

Misali uku ba sa zama ƙa'ida. Tambayar da masana suke son amsawa ita ce, cikin jajayen samudawa ɗari, nawa ne suke da aboki? A cikin garkenmu, wanda Larabawa suke kira Majarra, ƙidayar tana da wuya. Muna zaune a cikinsa, ƙura ta tare yawancin taurarinsa, kuma nisan kowanne daban ne, ga shi awon nisan jan basamude yana da kuskure mai yawa. Mai son ƙirga shanun garke ba ya tsayawa a tsakiyarsu, gefe yake komawa ya hau tudu. Garkunan maƙwabta suna ba da wannan dama: duk taurarinsu kusan nisansu ɗaya daga gare mu, don haka wanda ya fi haske a ido shi ne ya fi haske a haƙiƙa.

Huɗu ne aka fi aiki a kansu. Babban Gajimaren Magellan yana nisan shekarar haske kimanin 160,000, Ƙaramin kuma kimanin 200,000. Sai Andromeda mai nisan miliyan 2.5, wanda Abdurrahman al-Sufi ya ambata a littafinsa na surorin taurari a shekarar 964 a matsayin ɗan gajimare, da maƙwabcinsa M33. Andromeda yana hawa sama da digiri 60 a arewacin Minjibir a daren Oktoba da Nuwamba, kuma ido yana kama shi idan babu farin wata. Babban Gajimaren Magellan a lissafi yana leƙowa kimanin digiri 8 a kudu, ƙarƙashin Suhailu, da misalin ƙarfe goma na dare a tsakiyar Janairu. Amma lokacin ƙurar hunturu ne, ga kuma hasken birnin Kano da ke mamaye wancan gefe na sama. Ƙaramin bai wuce digiri 5 ba.

A irin wannan nisa babu na'urar da take iya raba biyun a gan su daban-daban yadda ake raba Ƙalbu da abokinsa. Abin da ake yi shi ne a tsefe haskensu. Jan basamude kusan ba ya fitar da shuɗin haske, balle wanda ya zarce shuɗi har ido ba ya ganinsa. Idan aka auna wani aka ga shuɗi ya yi yawa, sai a yi zargi. Daga nan a warware hasken zuwa launukansa kamar bakan gizo. Idan aka ga alamar sinadarin da ba ya rayuwa sai a wuri mai sanyi-sanyi, tare da layukan haidurojin irin na tauraro mai tsananin zafi, to taurari biyu ne suke magana da baki ɗaya. Akwai wata hanya, ta auna rangajin da aboki yake sa babban ya yi, amma ba ta cika aiki a nan ba, domin fuskar jan basamude tana tafasa kamar tukunyar talge, motsinta yana rufe rangajin, kuma zagaye guda yana cin shekaru. VV Cephei na garkenmu, alal misali, sai ya shekara 20 da 'yan watanni kafin ya kammala zagaye ɗaya.

Da wannan hanya Kathryn Neugent da abokan aikinta, ciki har da Emily Levesque da Philip Massey, suka ƙiyasta a 2020 cewa kimanin kashi 20 cikin 100 na jajayen samudawan Babban Gajimaren Magellan suna da aboki. A 2021 ta samu kimanin kashi ɗaya cikin uku a Andromeda, a M33 kuma adadin ya fi yawa a tsakiyar garken, yana raguwa zuwa gefe.

5.1 Ina sauran suka tafi?

Waɗannan alƙaluma suna da ma'ana ne idan an jera su da wani binciken. A 2012 Hugues Sana da abokansa suka buga a mujallar Science cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na taurari mafiya nauyi za su yi musayar jiki da abokinsu kafin su mutu, kuma a kashi ɗaya cikin uku na waɗannan, biyun za su haɗe su zama ɗaya. Wato a ƙuruciya mafi yawansu irin Simak ne, a tsufa kuwa irin Ƙalbu 'yan tsiraru ne. Tsakanin adadin farko da na biyu akwai tarihin abin da zaman tare yake yi wa tauraro. Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma a nan maganar ta wuce misali.

Wasu sun haɗiye abokansu. Sufanobar da aka gani ran 23 ga Fabrairu, 1987, a Babban Gajimaren Magellan, wadda ita ce ta farko da ido ya gani tun ta 1604, ta ba masana mamaki, domin tauraron da ya fashe shuɗi ne, ba ja ba kamar yadda littattafai suka koyar. Ga kuma zobba uku na iska kewaye da shi, waɗanda aka fitar kimanin shekara 20,000 kafin fashewar. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne taurari biyu ne suka haɗe.

Wasu kuma abokan ne suka tuɓe su. Tun kafin su zama ja, abokin ya janye rigar haidurojin, ya bar tsurar cikin, ƙarami mai tsananin zafi. An daɗe ana hasashen samuwar irin waɗannan masu matsakaicin nauyi ba a same su da yawa ba, sai a Disambar 2023 da Maria Drout da Ylva Götberg suka ba da rahoton gano jerinsu a Gajimaren Magellan biyu. Sufanobar 1993 ta garken M81, mai nisan shekarar haske kimanin miliyan 12, ta nuna tsaka-tsakin wannan: tauraron ya fashe da ɗan guntun rigarsa kawai, kuma a 2004 Justyn Maund da abokansa suka gano alamar shuɗin abokin da ya kwashe sauran, yana nan a wurin.

Kashi na uku su ne waɗanda fashewar ɗaya ta wargaza zaman, ta cilla wanda ya rage ya kama gudu shi kaɗai. Idan kuwa zaman ya tsira daga mutuwar biyun, ana iya ƙarewa da baƙaƙen ramuka biyu suna kewaya juna har su haɗe. Girgizar irin wannan haɗuwa ce na'urorin LIGO na Amurka suka fara ji ran 14 ga Satumba, 2015.

6.0 Kalmomin da za su ɗauki wannan ilimi

A nan ne aikin mai nazarin Hausa yake. An yi ƙoƙari wajen keɓaɓɓun kalmomi, tun daga ayyukan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero har zuwa ƙamusun keɓaɓɓun kalmomi na harshe da adabi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, amma falaki na zamani bai samu rabonsa ba. Masu fassara labarai suna ƙirƙira cikin gaggawa, kuma kurakurai uku suna yawan maimaituwa.

Na farko ya fi haɗari. Kalmar Ingilishi da ake siffanta waɗannan taurari da ita tushenta ɗaya da wadda ake fassarawa da juyin halitta a ilimin halittu. Mai fassarar da bai lura ba sai ya jawo wa falaki gardamar da ba tasa ba. Abin da ake nufi shi ne tauraro ya ci makamashinsa ya manyanta. Tsufa ita ce kalmar, kuma ta wadatar.

Na biyu shi ne cuɗa girma da nauyi. Idan aka ce babban tauraro, mai karatu zai ɗauka faɗi ake nufi, alhali abin da yake yanke wa tauraro ƙaddararsa nauyi ne. Damin kara ya fi buhun gero cika ido, amma buhun ya fi shi nauyi. Shawarar wannan maƙala ita ce a keɓe mai nauyi ga abin da tauraro ya ƙunsa, a keɓe basamude ga kumburin tsufa. Ƙato ma tana iya yi, sai dai basamude ta fi ɗaukar ma'anar girman da ya wuce misali.

Na uku shi ne sunan zaman biyun kansa, kuma Hausa tana da zaɓi fiye da ɗaya. Tagwaye ta dace ta fuskar asali, domin tare ake samar da su, sai dai tana sa a zaci kama, ga shi Ƙalbu da abokinsa ba su yi kama ta ko'ina ba. Kishiya ta kawo gaba da wani na uku da ake takara a kansa, wanda babu shi. Abokin burmi ta fi kusa: ƙwarya biyu ce da aka kifa ɗaya a kan ɗaya, kowace ba ta cika sai da 'yar'uwarta, kuma hoton yana ƙara dacewa a lokacin da rigar babban ta lulluɓe su duka biyu. Don haka a ce tagwayen taurari idan ana maganar tsarin, a ce abokin burmi idan ana nufin ɗaya daga ciki.

Akwai kuma wata kyauta da harshen ya riga ya tanada. Babbar matsalar masu wannan bincike ita ce shuɗin tauraron da ya faɗo kan layi ɗaya da ja a idonmu, alhali tsakaninsu akwai tafiyar haske ta ɗaruruwan shekaru, babu abin da ya haɗa su. A garke mai cunkoso kamar M33 wannan yana faruwa sosai, kuma dole a cire shi daga ƙidaya. Bahaushe yana cewa Zara matar wata, domin yana ganinsu tare da magariba. Amma wata yana nisan kilomita kimanin 384,000, Zara kuwa ko a lokacin da ta fi kusa tana wajen kilomita miliyan 40, rana take kewayawa, ba wata ba. Auren ido ne kawai. Ana iya kiran tagwaitakar bogi da auren Zara, ɗalibi ya gane nan take, a bar abokin burmi ga waɗanda janyowa ta ɗaure da gaske.

Garke da aka yi amfani da ita a nan ba ta rasa rauni ba, domin Kaza da 'Ya'yanta ma ana iya ce mata garke, alhali ita ɗan gungu ce a cikin garkenmu, taurarinta ba su wuce dubu da 'yan kai ba, na Majarra kuwa sun haura biliyan 100. Idan za a riƙe garke ga babban, to sai a tsayar da gungu ga ƙaramin, a kuma daina musanya su. Wanda bai gamsu ba yana iya aro galaksi kai tsaye, kamar yadda aka aro sufanoba a wannan maƙala bayan an gwada fashewar ajali aka ga ta fi kama da take na waƙa fiye da kalmar aji.